Gardamar Mai Buɗe Wasa da Mai Rufewa

Shekara uku na yi ina tuƙa mutum biyu daga unguwar Madinat Khalifa da ke Doha zuwa wani gini da ake yi a Lusail, kullum ban da Juma'a. Ɗaya injiniya ne mutumin Zariya, ya yi karatu a Amurka, Injiniya nake ce masa. Ɗayan dattijo ne ɗan Venezuela, shi ma injiniya, kansa duk furfura, yana wurin tun ranar da aka fara haƙa tushen ginin. Baba muke ce masa, shi kuwa ya amsa kamar da sunan aka yanka masa rago.

Kafin na haɗu da su ban san wasan besbol ba. A Gusau ƙwallon ƙafa muka sani, sai dambe idan an yi girbi. A cikin motar nan na koyi cewa wani ne yake jefa 'yar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da sanda, kuma zagaye tara ake yi. Masu jifan ma iri-iri ne. Akwai mai buɗe wasa, wanda zai yi ta jifa zagaye shida ko bakwai har hannunsa ya mutu. Akwai mai rufewa, wanda ba a kiransa sai a zagayen ƙarshe, lokacin da nasara take lilo.

A kan waɗannan biyun suke gardama, musamman idan Nuwamba ta zo, lokacin da ake ba gwarzon mai jifa na shekara kyauta. Kusan kullum mai buɗewa ne yake ɗauka, abin yana ci wa Injiniya rai.

"Baba, ka yi adalci," in ji shi. "Mutum ya shigo filin nan kowa ya miƙe tsaye, kuskure ɗaya a rasa komai. Mu a wajenmu cewa ake ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Sai ya fassara masa karin maganar, Baba ya yi tsaki.

"Jifa goma sha biyar! Ni jifa ɗari nake yi cikin rana, sannan wani ya zo da wankakkiyar riga a ɗauke shi hoto. Khalas, magana ta ƙare, kada ka ɓata mini shayi."

Ashe da ƙuruciyarsa Baba ne mai buɗe wasa a ƙungiyar garinsu, har kafaɗarsa ta lalace. Injiniya kuwa bai taɓa bugawa ba. Ya ce kaɗaici ne ya koya masa kallo a shekararsa ta farko a makaranta, kuma ya fi son mutumin da yake zaune shiru a gefe awa uku yana jiran a kira shi.

Wata safiya suka ce ni zan raba gardamar. Na duba madubi, duk sun zuba mini ido.

"Yallaɓai, ni direba ne," na ce. "Mai tayar da mota da mai ajiye ta duk ni ne, kuma ba a taɓa ba ni kyautar ko ɗaya ba."

Baba ya yi dariya har shayin karak ya zube masa a wando.

Ranar wata Juma'a da la'asar Baba ya sa muka je wani fili kusa da Asian Town inda 'yan Pakistan suke buga nasu wasan ƙwallo da sanda, kurket. Ya zo da safar hannu ta fata guda biyu, tsofaffi. Ya gyara mini yatsu a kan ɗinkin ƙwallon, ya ɗaga mini gwiwar hannu, ya ce, "Yalla, jefa." Jifana na farko ya tafi can wajen masu kurket, sai da na je na ba su haƙuri. Da shi ya jefo, ƙwallon ta faɗa hannuna da ƙara, tafina ya yi zafi har washegari. Bai fi sau goma ya jefa ba ya zauna a kan bulo yana riƙe da kafaɗa, yana murmushi shi kaɗai.

Saura wata huɗu a gama ginin matar Baba ta kwanta rashin lafiya a gida. Cikin mako guda ya haɗa kayansa. Ni na kai shi filin jirgi. Ya rungume ni, ya ce in gaya wa Injiniya har yanzu bai yarda ba.

Aka kawo wani matashi ya ƙarasa aikin, kuma ba laifi, ya iya. Ranar buɗe ginin shi aka kira gaban jama'a aka miƙa wa lambar yabo. A hanyar komawa, da muka kusa gida, Injiniya ya dube ni.

"Malam, ka ga ko sunan Baba ba a ambata ba?"

"Na gani, Yallaɓai."

Ya ɗauki waya ya kira shi, ba a ɗauka ba. Bayan kwana biyu Baba ya aiko da saƙon murya. Bai tambayi ginin ba. Ya ce matarsa ta fara cin abinci, ruwan sama ya hana su fita, ya kuma ce yana kewar zafin Doha, abin da bai taɓa zaton zai faɗa ba.

Bayan shekara Injiniya ma ya koma gida. Yanzu baƙin otel nake ɗauka, kowa kansa a sunkuye kan waya, wani har mu isa ban ji muryarsa ba. Nakan bi ta gaban ginin nan sau uku ko huɗu a rana.

Nuwambar da ta wuce na nemi sakamakon kyautar da kaina, na ga mai buɗe wasa ne ya sake ɗauka. Na tsaya a gefen titi na yi wa Baba saƙon murya da guntun Turancina, na taya shi murna, na tambayi jikin matarsa. Wayar ta nuna saƙon ya fita, amma ba ta nuna ya isa ba. Ina dubawa duk bayan sallar Asuba.