Itacen da Baba yake binnewa

Ranar wata Asabar cikin Agustan 1974, ina tsugune a bayan gidanmu a Kafanchan ina wanke citta, sai na ji an banke ƙofar langa-langa. Maza wajen goma suka shigo da sanduna, a gabansu maƙwabcinmu Baba Yakubu riƙe da gatari. Kwana uku ke nan da ƙyanda ta kashe masa ɗa.

Babana kafinta ne, yana kuma da wata dabara da ba a sani ba a unguwarmu. Idan damina ta kankama sai ya yanka gumagumen mangwaro, ya kwantar da su a rami ƙarƙashin ayaba, ya rufe da ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itacen da naman kaza ya tsiro a kai. Ni ce mai yayyafa musu ruwa in sama ta yi fashi. Bayan wata uku sai ya tono su, ya shanya a inuwa, in ya sa zarto sai ka ga baƙaƙen layuka sun ratsa farin katako kamar an zana da tawada. Yakan ce, "Ruɓa ma ma'aikaciya ce, in ka san ranar sallamarta." Ni kuwa don alfahari, muna carafke a filin makaranta, na gaya wa ƙawayena babana yana binne wani abu yana shayar da shi. Maganar ce ta isa gidan makoki.

Mazan ba su tambayi babana komai ba. Sandar farko ta same shi a baki, na ga haƙoransa biyu cikin laka. Suka yi ta tattaka shi suna ihun "Maye!" Mama ta faɗa kansa, aka karya mata hannu. Na ruga ramin, na tona da yatsu har farcena ya cire, na jawo wani ƙaramin gungume ina kururuwa, "Itace ne, Baba Yakubu! Itace ne kawai!" Ya sari gungumen da gatari, ya tsage biyu. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya zube ƙasa ya fashe da kuka.

Babana ya warke, amma bai sake binne itace ba, bai kuma taɓa ɗaga mini zancen ba har ya rasu. Yau a Sabon Tasha kafintoci roba mai zane suke mannawa a kan katako, su gama a yini guda. Nakan tsaya in shafa, sumul, babu ƙamshin ƙasa. Da ma ya yi mini faɗa ko sau ɗaya.