Karan Dafin Inna

Ɗinkin faifai na gada wurin Inna, mahaifiyata. Mu yanko kaba, mu tsaga, mu rina, mu ɗinka. Jan launi kuwa daga karan dafi yake fitowa, wata irin dawa ce da ba don ci ake shuka ta ba. Ɓawon da ke lulluɓe da karan ake ɓarewa, a daka, a jiƙa da ruwan toka, sannan a dafa kaba a ciki. Irin Inna ya fi na kowa duhun ja, har a kasuwar Isa daga nesa ake gane faifanmu. Ba ta taɓa sayen iri ba. Duk kaka sai ta ware zangarniyar da ta fi cika ta rataye don baɗi. Da aka kai ni gidan miji a Unguwar Lalle, irin nan ta ƙulla mini a tsumma. Ta rasu kafin fari ya shigo.

Shekarar farko na shuka a bakin gonar maigidana, rana ta ƙone shi tun yana tsawon gwiwa. Shekara ta biyu ya hana ni wuri.

"Hatsi bai samu ruwa ba, abin ado za shi samu?" in ji shi. "Wa taɓa tuwo da abin ga?"

Ban yi masa gardama ba, don yunwa muke kwana da ita. Amma da na kwance tsumman sai na tarar ƙwari sun fara huda ƙwayoyin. In suka sake shekara a ƙulle, shi ke nan, irin Inna ya ƙare a hannuna. Sai na zuba ɗan abin da ya rage duka a bayan ɗakina, inda ruwan wanka ke gangarawa, na kewaye da ƙaya.

Na sha wahalar karan nan. Rijiyarmu ta ja baya, sai ka zura guga ka jira ta tatso. Alwala a cikin kwano nake yi don kada ɗigo ya faɗi banza. Ruwan wanke-wanke ma can nake kai shi. Matan unguwa suka sa mini ido, in na wuce su ce, "Ina kwanan ɗiyanki na bayan ɗaki?" Na bar su da dariyarsu. Karan ya tashi, ya yi ja, ya fitar da kai. Ƙwayar ta fara ɗaurawa, in ka matsa sai ruwa fari kamar nono. Kaɗan ya rage ta ƙosa.

A lokacin aka yi mana rasuwa a Kamarawa, na tafi gaisuwa. Da na dawo ko mayafi ban tuɓe ba na zagaya. An janye ƙaya, an girbe karan tas, sai kututture.

Maigidan yana zaune gindin zana, kusa da jar akuyarsa, ita kaɗai ta rage masa cikin dabbobi, haƙarƙarinta duk a waje.

"Malam, wa yanke min kara?"

"Ni na. Akuya na mutuwa, ke kina kiwon launi."

"Da ka bari ya ƙosa ka ɗauki karan duka, ka bar min kai guda!"

"In ruwa ya dawo za ni samo miki wani."

Wani! Kamar gishiri ne da ake aunowa a kasuwa. Na yi kuka, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ba yankan ya fi ƙona ni ba, jiran da ya yi sai na ba da baya. Ya san abin da yake yi sarai.

Duk da karan da ta cinye, akuyar ba ta tashi ba. Ba a jima ba ta kasa miƙewa, aka yi sauri aka sa mata wuƙa. Muka ci naman, ni ma na ci, yunwa ba ta bar ni na yi zuciya ba. Fatar ya kai wa wani baduku a Sabon Birni ya jeme, a yi masa jaka.

Ranar kasuwa ya dawo, ya tsaya ƙofar ɗakina yana susar ƙeya.

"Baduku ya ce babu jan kirki ko'ina bana. Wai kowa ya san naki ya fi. Ko kina da saura ki ba shi?"

Na dube shi sosai, na ga da gaske yake.

"Koma ka gaya mishi," na ce, "akuyar ta riga ta cinye rininta tun tana da rai."