Mai Albasa da Manyan Ƙasashe

A bakin kasuwar Mubi, inda Precious ke jiran babur ɗin da zai kai ta Duvu, akwai wani tsoho mai albasa wanda ba ya zama. A tsaye yake ƙyam, ƙirji a gaba. Hularsa ta koɗe, amma takalminsa sai ƙyalli. Wataƙila tsohon soja ne, wataƙila kuma ya nema ne ba a ɗauke shi ba.

Rediyo ɗaure da roba na rataye a wuyansa. Albasar kuwa ya jera ta tsibi huɗu, uku manya da sunayensu: Amurka, Rasha, Sin. Na huɗun ɗan mitsitsi ne a gefe. In labarai suka ce Sin ta ƙera sabon jirgin yaƙi, sai ya ɗora mata albasa guda. Sai ya dubi Amurka ya ga ranta zai ɓaci, ya ɗora mata biyu.

Precious ta matso ta nuna Rasha. "Baba, wannan nake so."

"'Yata, in kin ɗauke ta, wa zai taka wa Amurka birki?"

"Baba, miya zan yi."

Ya yi ajiyar zuciya, ya juye mata Rasha a leda. Da ta nemi gyara, bai taɓa manyan ba. Ɗan tsibin nan ya kai wa hannu.

"Wannan kuma wace ƙasa ce?"

"Mu ne," in ji shi. "Ciniki na manya ne, amma gyara kullum daga jikinmu yake fita."