Tulun Baba Isuhu a buɗe

Da safen nan Maryama ta bugo mini waya tana kuka: babanta, Baba Isuhu na unguwar Ƙuba a nan Madina, ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekaranjiya fa muna tare a saman benensa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Badamagare ne. Ya daɗe yana yi wa 'yan Koriya girki a sansaninsu na hanyar Badr, wajen iyakar Harami, tunda su ba sa shiga Madina. Ni ne direban cefane a lokacin, ban san kowa a garin nan ba sai shi.

A can ya koyi miyarsu da suke kira jige. Akwai ta kabeji mai tsami, akwai ta awara mai laushi da barkono har ido ya kawo ruwa, sai kuma wadda ya fi so, ta daddawar waken suya. Naman alade kuwa ya ce ba da hannunsa ba, ya koma sa musu rago. Suka yi ƙorafi, suka kuma lashe tukunya.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, da miyar daddawar nan ya zo ɗakina, tana tafasa a kasko. Na ji warin na kau da kai. Ya ce, "Kai da kuka da daddawa suka raina, yau kai ne mai ƙyama? Yalla, sha."

Na sha. Na nemi ƙari.

'Yan Koriya sun tafi tuntuni, amma bai daina haɗa daddawar ba. A tulu take zama wata da watanni, a buɗe ta da safe ta sha rana, a rufe kafin magariba. Yaransa, haihuwar nan, ba sa ko hawa benen saboda wari. Shekaranjiya ya dafa tulun ya ce mini, "Saura kaɗan ta nuna. Amma wallahi yaran nan, ina kau da ido za su zubar. Cewa suke ta ruɓe."

Na yi dariya. Ashe sallama ce.

Bayan mun kai shi makwancinsa, na hau benen da sauri, kar in tarar da tulun a wanke. Yana nan a buɗe, murfin jingine da bango, yadda ya ajiye shi bayan asuba.

Sai ga Maryama a bayana, ta toshe hanci da mayafi. Yarinyar da kullum da Larabci take amsa wa babanta, yau da Hausa ta ce, "Kawu, yaya Baba yake rufewa?"

Na nuna mata. A nan ne kukan ya ƙwace mini.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya ciyar da kai daga abincin Aljanna kamar yadda ka ciyar da mu. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba.