Rubutun Danganar da Bai Kama Ni Ba

Na fi shekara talatin ina yi wa mutanen unguwarmu ta Gawon Nama rubutun dangana. Idan aka yi rasuwa a gida sai a aiko, in rubuta addu'o'i a allo, a wanke, a ba wanda zuciyarsa ta kasa natsuwa ya sha. Haka na taras mahaifina yana yi.

A shekarar korona matata ta kwanta. Mun ɗauka zazzaɓi ne, sai da numfashi ya fara yi mata wuya muka kai ta asibiti, aka killace ta. Kwana shida ta yi ta rasu, ban sake ganin fuskarta ba. Ma'aikata rufe da fararen kaya suka shirya ta, mu bakwai muka yi mata salla, kowa nesa da ɗan'uwansa. Tabarmin da na shimfiɗa a zaure na naɗe su da la'asar, ba wanda ya zauna. Gaisuwa duk ta waya aka yi.

Rana ta uku na rubuta mana, ni da ɗiyata ta ƙarshe. Ita ta sha, ta yi kuka sosai, bayan mako biyu na jiyo ta tana yi wa kaji faɗa a tsakar gida. Ni kuwa kwana arba'in na jera ina sha. Abinci ya zama kamar ƙasa a bakina. Sai in tada salla in rasa raka'a ta nawa nake. Na ce ko hannuna ne ba ya yi mini, na tafi unguwar Hubbare wurin wani abokin karatuna don ya rubuta mini da nasa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Malam, kai ka ba mutane haƙuri, mu mi za mu hwaɗa maka?" Muka yi hirar tsadar gero, na dawo gida.

Ɗiyar tawa ce ta gane. Wata safiya ta ajiye mini kunu, ta ƙi tashi.

"Baba, rigarka ta yi maka yawa. Gobe asibiti za mu."

"In ce musu mi? Ba inda ka yi min ciwo."

"Ka ce musu hakanan."

Washegari muka je, wata likita ta saurare ni har na gama, ta ce ciwon damuwa ne, ta ba ni ƙwayoyi. Alhamdu lillahi, barci ya dawo, ina ɗan cin tuwo. Amma abin da ya tokare ni a ƙirji yana nan inda yake. Ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba, tsorona kada a rubuta mini wannan a matsayin rashin tawakkali.

Kwanan baya wani tela daga unguwar Mabera ya zo, matarsa ta rasu wurin haihuwa. Na rubuta, na wanke, na zuba masa a gora. Har ya sa takalmi sai ya juyo.

"Malam, kwana nawa shika yi kahin shi kama?"

"Wasu mako biyu," na ce.

"Wasu hwa?"

Sai na ce masa ni shekarata ta biyar ke nan bai kama ni ba, na kwatanta masa ɗakin likitar a asibiti, ƙofa ta biyu daga hannun dama. Ya riƙe gorar da hannu biyu, ya ce Allah shi jiƙan matan namu, ya fita.