Inna Mai Hotuna Za Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin hotuna na gidan adana kayan tarihi. Takan fara da tagogi don warin danshi ya fita, ta kwashe bokitan da ta tara inda rufi ke yoyo, sannan ta wanke hannu ta goge sosai, domin ba ta taɓa hoto da jiƙaƙƙen yatsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Ma'aikata suna ce mata Inna Mai Hotuna. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Hotuna da zane-zane sama da dubu uku take tsaro, waɗanda Turawan mulkin mallaka da matansu suka ɗauka ko suka zana. Duk Baturen da ke ciki an rubuta ko shi wane ne da muƙaminsa, wani har da karensa. Mutanenmu kuwa sai ka ga an sa "masu dako" ko "'yan ƙasa suna murna". Inna takan ce, "Ka ga karen nan? Ya fi kakana sa'a."

Ba ta yi karatu mai nisa ba, shara aka ɗauke ta yi tun farko. Amma abin ya tsaya mata a rai. Duk hutun da ta samu sai ta wanko kwafin hotuna, ta hau mota ta bi ƙauyuka tana tambayar tsofaffi, "Baba, ka gane wannan?" Abin da suka faɗa ta rubuta a kati, ta jingina shi ƙarƙashin rubutun Turawa.

Na san ta ne ranar da na je neman hoton da zan sa a bangon littafina. Na zaɓi wani mai kyau: mata shida ɗauke da kwandunan tsakuwa a bakin titin jirgin ƙasa, duk suna murmushi.

Ta ce, "Ɗana, labarin me ka rubuta?"

Na ce, "Na yadda ƙasa ta ci gaba, Inna."

Ta ce, "To, zauna."

Ta nuna min ta biyu daga dama. Ta ce ta samu 'yar matar nan a wani ƙauye, ta tsufa tukuf. Aikin dole aka kwaso su. Mai hoton ya ce ba mai sauke kwando sai sun yi dariya. Matar da ke hoton ta baro jariri a gida, ta koma bayan wata biyu ta tarar an binne shi. Inna ta ce, "Tsohuwar ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, sai ta ce, 'Ashe haka haƙoran innata suke. Ni ban taɓa ganin ta yi dariya ba.'"

Na mayar da hoton, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Mai gadin gidan ya ba ni labarin shekarar da manyan baƙi za su zo daga waje. Shugaban wurin ya ce a cire katunan, kada a ɓata wa baƙi rai. Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, sai dai ka cire da kanka, ni hannuna ba zai iya ba." Ya sa aka cire. Da baƙin suka iso, ta tsaya kusa da hotunan tana faɗa wa tafinta labaran da ka, ɗaya bayan ɗaya. Washegari aka ba ta takardar gargaɗi. Tun daga nan ba a sake yi mata ƙarin girma ba.

Inna, ke ce kika hana a ci gaba da yi mana ƙarya da fuskokin iyayenmu. Ke ce kika tsaya inda masu manyan takardu suka wuce ba su ko waiwaya ba.

Sai dai ba zan ɓoye wa masu karatu ba. Cikin dubu ukun nan, ɗari biyu da goma sha huɗu kawai ta samo labarinsu. Tsofaffin da suka sani duk sun kusa ƙarewa. A daminar bara silin ya rufto ya jiƙa kwali guda, fuskokin ciki suka narke, ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Idonta ya yi rauni, yanzu 'yarta ke karanta mata abin da ta rubuta da hannunta. Har yau ba a naɗa wanda zai gaje ta ba.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya.

Ku kuma, duk mai kaka ko kakan da ke da sauran tunani, ya riƙo hannunsa ya kawo shi ɗakin hotunan kafin wata ya ƙare, ya zauna ya rubuta abin da tsohon zai faɗa. Na tambaye ta ko akwai saƙon da zan isar. Ta ce, "Ka gaya musu akwai kujeru, kuma ba sai an hau bene ba."