Ƙunar Dutsen Guga

Baba mai sassaƙa ba ya sayen katako. Mutane ne ke kawo masa ƙotar fartanyar uba, ko ƙafar gadon kaka. Sai ya ɗaura a injinsa mai juya itace, ya fitar da ɗan abin da za a riƙa tunawa da mamaci. Gemunsa kullum cike yake da garin katako, magana kuwa sai ta kama dole.

Wata mata ta kawo masa guntun teburin da mahaifiyarta ke guga a kai. Da ta dawo, ta tarar ya yi mata faranti sumul, amma da baƙin tabo a tsakiya.

"Haba Baba, ai da ka kankare wannan ƙunar," in ji ta.

"'Yata, katako mai tsabta yana nan jibge a kasuwa. Wannan ƙunar fa, wa ya yi ta?"

Ta tuna ranar da ta faɗo daga katanga tana yarinya, mahaifiyarta ta saki dutsen guga a kan teburin ta fito a guje, ko takalmi babu.

Ta ɗora tafin hannunta a kan tabon, ta kasa ɗaukewa.